Yadda ake gano tushen ciwon tsoka da gaɓa da hannu, kafin a ce "sanyi ne"

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin duba marasa lafiya a ƙasar Daura ya san wannan magana: "Malam, sanyi ke damuna." Mai ciwon gwiwa sanyi, mai ciwon kafaɗa sanyi, mai ciwon kwankwaso sanyi, har wanda doki ya kayar a hawan Sallar Gani, in aka kwana biyu ciwon bai tafi ba, sai ya ce sanyi ya shiga wurin. Ba na ganin laifin marar lafiya, da kalmar da ya sani ya zo. Mu ne da laifi idan muka karɓi kalmar yadda ya kawo ta, muka rubuta mashi diklofenak na kwana biyar, ya fita ba mu ko taɓa wurin ba. Na rubuta wannan ne musamman don ƙannenmu da ke fitowa daga makarantun koyon aikin lafiya na Daura da Kankiya, waɗanda ake turawa ƙananan asibitocin Sandamu ko Zango ko Ɓaure, inda babu injin hoto, sai ido da kunne da hannu biyu. Da waɗannan, cikin minti goma zuwa sha biyar, ana iya sanin abin da ke ciwo a mafi yawan masu zuwa, ana kuma iya ware wanda bai kamata ya kwana a ƙauye ba.

Sai mun fara daidaita kalmomi, domin Bahaushe kusan komai jijiya yake ce mashi. A nan, idan na ce agara, ina nufin igiyar da ke haɗa tsoka da ƙashi, irin wadda ke bayan dunduniya. Ɗaurin gaɓa shi ne wanda ke haɗa ƙashi da ƙashi, shi ke jin jiki in an yi targaɗe. Jakar gaɓa ita ce tantanin da ya lulluɓe gaɓar duka. Jijiyar laka ita ce mai kai ji da umarnin motsi, jijiyar jini kuwa sunanta ya faɗi aikinta. Aikinka shi ne ka gano wanne ne a cikinsu ke kuka.

Tun daga bakin ƙofa

Kada ka duƙufa kan kati lokacin da mutum ke shigowa. Dubi tafiyarsa. Mai ciwo a ƙafa ɗaya yana taka ta ya ɗauke da sauri kamar wanda ya taka garwashi. Mai matsalar kwatangwalo yana karkata jikinsa gefen ƙafar da ke ciwo duk sanda ya taka ta. Wanda ƙafarsa ta saki yana ɗaga gwiwa sama sosai don kada yatsu su ja ƙasa, sai ka ji silifas ɗinsa na buga ƙasa fat, fat. In yaro ne mai irin wannan tafiya, tambayi uwar ko an yi mashi allura a ɗuwawu kwanan nan, domin allurar da aka soka ba a inda ya dace ba tana iya taɓa babbar jijiyar da ta bi ta wurin. Dubi yadda ya cire takalmi, yadda ya zauna kan benci, da hannun da ya miƙo maka kati. A wannan lokacin bai san kana auna shi ba, saboda haka jikinsa ba ya ƙari ba ya ragi.

Bayan gaisuwa, tambayar farko ita ce: "Baba, ku nuna mani da yatsa ɗaya inda ya fi yi maku ciwo." Mai ɗaki shi ya san inda ke yi mashi yoyo, amma sai ka lura da yadda ya nuna. Idan ya ɗora kan yatsa a wuri guda ya ce "nan ne", yawanci abin yana kusa da fata: agara, ɗaurin gaɓa, ko ƙashi. Idan ya shafa wurin da tafin hannu gaba ɗaya yana lalube, ciwon na can ciki ne, ko kuma daga wani wuri ya taho. Idan ya ja layi daga ɗuwawu zuwa ƙwauri, ko daga wuya zuwa yatsu, ka fara tunanin jijiyar laka. Kalmar kwatangwalo tana ruɗarwa ƙwarai. Mutane suna faɗinta su dafa ɗuwawu ko ƙugu, alhali ciwon ainihin gaɓar kwatangwalo a matsematsi aka fi jin sa, wani lokaci ya sauko gaban cinya har gwiwa.

Tambayoyi, da abin da salla ke gaya maka

Tambayi yadda ya fara. Farat ɗaya ne, a lokacin da ya faɗi, ya murɗe ƙafa, ko ya ɗaga buhu a kasuwar Mai'aduwa? Ko kuwa a hankali ya lallaɓo, ba ya iya cewa ga ranar? Ya ji ƙarar wani abu ya ce ɗas? Kumburin nan take ya fito ko sai da aka kwana? Gwiwar da ta cika cikin awa ɗaya ko biyu bayan faɗuwa jini ne a ciki, kuma jini a gaɓa na nuna tsinkewar ɗauri ko tsagewar ƙashi. Wadda ta kumbura washegari yawanci ruwa ne.

Sannan sana'a da aikin da ya ƙaru a 'yan makonnin nan. Farkon damina, lokacin huɗa da noman farko, kafaɗu da kwankwaso ne ke cika layi. Kaka ta yi, sai matan da ke sussuka da surfe su zo da gwiwar hannu. Mai jan guga, tela, makaniki mai murɗa sifana, ɗan acaɓa, maijego mai ɗaga jariri sau talatin a rana, kowa da wurin da aikinsa ke ci.

Irin ciwon ma yana da bayani. Zogi mai nauyi da ke ƙaruwa da aiki ya lafa da hutu ya fi kama da tsoka ko gaɓar da ta goge. Raɗaɗi kamar ƙuna, ko fisga kamar wutar lantarki, ko minjirya da sagewa, maganar jijiyar laka ce. Tambayi safiya: in ya tashi da asuba gaɓar ta ƙage, minti nawa take yi kafin ta saki? Gaɓar da guringuntsinta ya goge saboda shekaru ko nauyi tana saki kafin rabin awa, sau da yawa kafin ya dawo daga masallaci. Amosanin gaɓɓai mai kumburi kuwa yana riƙe mutum awa guda ko fiye, motsi ke sauƙaƙa shi, zama ke tsananta shi, kuma yakan kama ƙananan gaɓɓan hannun dama da na hagu tare.

Akwai ma'aunin da muke da shi a nan wanda littattafan Turawa ba su cika ambata ba, ni kuwa ban ga kamarsa ba. Mafi yawan masu zuwa wurinmu suna lanƙwasa kusan kowace gaɓa ta jikinsu sau biyar a rana, a tsari ɗaya, shekara da shekaru, don haka sun san ranar da wani abu ya canza. Ka tambaya: "Inna, a salla ina ne ke ba ku wahala?" Idan ruku'u ne, duba kwankwaso da tsokar bayan cinya. Idan saukowa sujada ne ko tasowa daga gare ta, duba ƙoƙon gwiwa da tsokar gaban cinya. Idan dafa ƙasa ne, wuyan hannu. Idan kafa yatsun ƙafa ne a sujada, gaɓar babban yatsa ko tafin ƙafa. Idan zaman tahiya ne ya gagara har ta koma miƙe ƙafa, cikin gwiwa ne ko idon sawu. Idan sallama ce, sai ta juyo da kafaɗa gaba ɗaya, wuya ne. Ƙara da tsuguno a bayi da ɗaga ƙafa wurin alwala, ka sami labarin kwatangwalo. Sannan ka tambayi tun yaushe ta koma salla a zaune. Tsohuwar da ba za ta iya ce maka wata nawa ba za ta ce "tun azumin bara", ka ga ka sami kwanan wata.

Kada ka manta da abin da aka riga aka yi wa wurin: ƙaho, tsaga, sakiya, ɗori, gashi da ruwan zafi, allurar kemis, taramadol, deksa (maganin rage kumburi). Yi tambayar ba da faɗa ba, in ba haka ba za a ɓoye maka. Wanda ya sha maganin kashe ciwo awa biyu kafin ya zo, gwajinka zai fito da sauƙi fiye da gaskiyar lamarin.

Waɗanda ba a jira da su

Kafin ka miƙe daga kujera, ka tabbata mutumin ba ya cikin waɗannan. Gaɓa ɗaya mai zafi, kumburarriya, da zazzaɓi, wadda ba ya yarda a motsa ko kaɗan: ɗauke ta a matsayin mugunya a gaɓa har sai an tabbatar ba ita ba ce, domin tana iya cinye guringuntsi cikin kwanaki kaɗan. Ciwon baya da ya yi watanni, da rama, da zufar dare, ko ƙusumbi mai tsini da ya fara fitowa: tarin fuka na kama ƙashin baya ko da mutum ba ya tari. Ciwon baya tare da sagewar matsematsi da dubura, ko fitsari ya ƙi fita, ko ya zubo ba a sani ba, ko ƙafafu biyu suna mutuwa: a tafi babban asibiti yau. Ciwon da ke tashin mutum tsakar dare, ba ya canzawa ko ta yaya ya kwanta, musamman ga wanda ya haura hamsin ko mai tarihin ciwon daji. Sha-raɓa ɗaya da ta kumbura ta yi ɗumi ga maijego, ko wanda ya daɗe kwance, ko wanda ya sauka daga doguwar tafiyar mota: yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya, kada a yi mata tausa. Auna da tef ɗin tela, santimita 10 ƙasa da tudun ƙashin da ke ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa. Bambancin da ya wuce santimita 3 tsakanin ƙafafun abin lura ne.

Kowane yaro ko matashi mai ciwon ƙashi, tambayi sikila. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da AS, saboda haka masu SS ba baƙi ba ne a kowane ƙauye. Ban da tashin ciwon da aka sani, sikila na kashe kan ƙashin cinya a hankali, tana kuma buɗe ƙofa ga ƙwayar cuta ta shiga ɓargo. Makiyayi ko mai shan ɗanyar madara da ba a tafasa ba, in ya zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa da ciwon kwankwaso, a tuna da cutar da ake ɗauka daga dabbobi.

Sai ɗori. Ba na cikin masu zagin maɗora, mutanenmu sun yarda da su, kuma sau da yawa su ne na kusa. Amma na taɓa kwance wa wani yaro ɗorin da aka ɗaure mashi tamau a hannu, ya kwana yana kuka ana ce mashi ƙashi ne ke haɗuwa. Alamar da za ka nema: ciwo mai tsanani fiye da kima, yatsu sun kumbura sun yi sanyi ko sun sage, kuma in ka miƙar da yatsun a hankali ya ƙwalla ƙara. Kwance ɗaurin nan take ka tura shi. Tsokar da jini ya daina isa gare ta ba ta wuce kamar awa shida kafin ta fara mutuwa.

Buɗe wurin, ka duba biyu

Ba a duba gwiwa ta cikin wando. Nemi izini, ja labule, in mace ce a kira malama ko 'yar rakiyarta ta tsaya. Buɗe gefen da ke ciwo da mai lafiyar tare, domin kowane mutum ma'auninsa na jikinsa. Nemi kumburi, canjin launi, tabon ƙaho, karkacewa, da ramewar tsoka. Cinyar da ta fi 'yar'uwarta sirancewa na nuna ciwon gwiwar ya daɗe, ko me mai shi ya ce. Sa bayan hannunka ka ji ɗumi. Gwiwa mai lafiya takan fi cinya da ƙwauri sanyi kaɗan, in ka ji ta fi su ɗumi akwai magana. In ciwon a gefe ɗaya na haƙarƙari ne mai raɗaɗi, ɗaga riga ka nemi ƙuraje masu ruwa da suka jeru kamar ɗamara.

Motsi uku

Nan ne zuciyar aikin. Wani likitan Ingila mai suna James Cyriax, wanda ya yi aiki a asibitin St Thomas na Landan ya rasu a 1985, shi ya tsara hanyar. Tunaninsa mai sauƙi ne. Abubuwan da ke kewaye da gaɓa kashi biyu ne: masu ja da kansu, wato tsoka da agararta, da waɗanda sai dai a ja su, wato ɗauri da jakar gaɓa. Idan ka sa kowane kashi aiki shi kaɗai, mai ciwon zai tona kansa.

Na farko, shi ya motsa da kansa. "Ɗaga hannun sama iyakar iyawarka." Ka tsaya ka kalla, kada ka taimaka. Lura da inda ya tsaya, inda fuskarsa ta canza, da ko yana satar motsin da wani sashe, kamar mai ɗage kafaɗa zuwa kunne don hannu ya hau. Wannan motsi yana sa komai aiki, saboda haka yana nuna akwai matsala amma ba ya faɗin ta wace ce.

Na biyu, kai ka motsa mashi, shi kuma ya saki jiki sarai. "Sakar mani hannun, kamar ba naka ba." Yanzu tsoka na hutawa. Idan hannun da ya kasa ɗagawa ya hau har sama a hannunka, gaɓar lafiya lau take, matsalar tana ga tsoka, agara ko jijiyar laka. Idan kai ma ka tsaya daidai inda ya tsaya, da ciwo iri ɗaya, gaɓar ce da kanta ko jakarta. Saurari abin da hannunka ke ji a ƙarshen motsin. Gwiwar hannu in ta miƙe ƙashi ke tsayar da ita, tsayawa ƙam. In ta lanƙwashe nama ke haɗuwa da nama, tsayawa mai laushi. Idan ka ji ƙam inda ya kamata a ji laushi, gaɓar ta goge. Idan ya riƙe hannunka saboda azaba tun ba ka ji wani abu ya tare ka ba, kada ka matsa, wannan alama ce ta abu mai tsanani kamar mugunya ko karaya.

Na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi faɗin gaskiya game da tsoka. Ajiye gaɓar a tsaka-tsaki, ka riƙe ta gam, ka ce ya tura hannunka da ƙarfi, amma kada ka bari gaɓar ta motsa. "Kada ka bari in ture ka." Tunda gaɓa ba ta motsa ba, ɗauri da jaka ba su ji komai ba, tsoka da agara kaɗai suka yi aiki. Amsa huɗu ce. Ƙarfi ba ciwo: wannan tsokar lafiyarta ƙalau. Ƙarfi da ciwo: ɗan rauni a tsoka ko agara, shi ne mafi yawa. Rashin ƙarfi da ciwo: yagewa babba, ko tsagewar ƙashi a inda agarar ta kama. Rashin ƙarfi ba ciwo, wanda marar lafiya ke murna da shi, shi ya fi tayar mani da hankali, domin ko agarar ta tsinke gaba ɗaya ko jijiyar laka ta daina kai saƙo. Rubuta ƙarfin da lamba daga 0 zuwa 5: 0 ba motsi ko kaɗan, 3 yana iya ɗaga sashen amma ba ya jure turi, 5 cikakken ƙarfi.

A duk motsi ukun, tambaya ɗaya kake maimaitawa: "Wannan shi ne ciwon da ya kawo ka?" In ka murɗa kowa da ƙarfi zai ji wani abu. Ciwon da ya sani kake nema.

Sai a ƙarshe ka danna. Da gangan na ajiye dannawa a baya, domin jikin mutum cike yake da wuraren da ke da zafi in an matsa, ko ga mai lafiya. Wanda ya fara da danne-danne yakan kama wuri marar laifi ya yi ta yi mashi magani. Motsi ya riga ya gaya maka wace tsoka ce ko wane ɗauri, yanzu yatsanka zai bi ta tun daga inda ta faro har inda ta kama ƙashi, ya nemo daidai wurin. Fara daga nesa ka matso, idonka na kan fuskarsa, ka kuma danna wuri ɗaya a ɗaya gefen don kwatanci.

Idan duk ka yi wannan ba ka iya tayar da ciwon ba, to ba a nan gizo ke saƙa ba. Duba gaɓar sama da ta ƙasa, ko da yaushe. Wani dattijo ya zo mani da gwiwa duk tabon ƙaho, ya yi kusan shekara yana shan magani a kanta. Gwiwar ba ɗumi ba ruwa, tana lanƙwashewa sumul. Da na kwantar da shi na juya cinyar ciki, sai ya damƙe gefen gado. Kwatangwalo ne. Ga yaro mai ɗingishi da kukan gwiwa, wannan doka ce: ba a sallame shi sai an juya kwatangwalo. Haka kafaɗa. In motsinta bai canza ciwon ba, juya wuya ka gani. In wuya ma shiru, tuna da ciki da ƙirji. Zuciya na aika ciwo kafaɗar hagu da hannu da muƙamuƙi, tare da zufa ko haki. Matsarmama da hanta na aikawa kafaɗar dama. Mace mai ɓatan wata da ciwon mara da ciwo a kan kafaɗa, a yi tunanin cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, a gaggauta.

Gwajin jijiyar laka ba ya cin minti biyu. Shafa auduga ko gefen kati ka tambaya ko ji ɗaya ne dama da hagu. Kowace jijiyar laka da ta fito daga ƙashin baya tana da harafi da lambarta, C na wuya, L na kwankwaso, S na ƙasa da shi, kuma kowace da wurin da take kai wa ji. A hannu, babban yatsa na C6 ne, na tsakiya C7, ƙaramin C8. A ƙafa, cikin ƙwauri L4, bayan babban yatsa L5, gefen ƙafa na waje S1. Sa shi ya taka da dunduniya, sannan da kan yatsu. Kwantar da shi rigingine ka ɗaga ƙafar a miƙe: in ciwo ya fisga ya wuce gwiwa zuwa ƙasa tsakanin digiri 30 da 70, jijiyar na matse a kwankwaso. Jan da ake ji a bayan cinya kawai in ƙafa ta yi sama sosai, tsoka ce, kowa na jin sa.

Wuraren da suka fi zuwa

Kafaɗa ta fi kowace gaɓa amsa wannan tsari. In ya ɗaga hannu ta gefe, ciwo ya kama tsakanin digiri 60 da 120, ya wuce sama kuma ya saki, agarar da ke ƙarƙashin rufin kafaɗa ce ke gogawa. In kuwa kai da shi duk kun kasa, kuma juya hannu waje ya fi komai ƙagewa, ba ya iya kai hannu ƙeya, mace ba ta iya ɗaura ɗankwali, jakar gaɓar ce ta ƙanƙance. Duk wanda ka samu da wannan, auna mashi suga, domin ta fi kama masu ciwon suga, kuma ka gaya mashi gaskiya cewa takan ɗauki shekara ko fiye kafin ta saki.

Gwiwar hannu: ciwo a tudun ƙashi na waje, wanda ke tashi in ya ɗaga wuyan hannu sama kana danne shi, agarar masu riƙon taɓarya da fartanya ce. Wuyan hannu ta gefen babban yatsa ga maijego: ta naɗe babban yatsa cikin dunƙulen hannu, ta karkata hannun wajen ƙaramin yatsa, in ya soke ta agara ce. Sagewar babban yatsa da manuniya da na tsakiya cikin dare, mai sa mutum yarfa hannu: ya lanƙwashe wuyan hannu na minti ɗaya, in minjiryar ta dawo jijiya ce ke matse a wurin. Wanda ya faɗi ya dafa ƙasa, in ka danna ɗan ramin da ke gindin babban yatsa ya yi zafi, ɗaure shi kamar karaya ko da hoton farko bai nuna ba, a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14.

Gwiwa: matso ruwan daga saman cinya da hannu ɗaya, ka danna ƙoƙon da yatsa. In ya nutse ya bugi ƙashi ya taso, akwai ruwa. Lanƙwasa ta kaɗan, riƙe cinya, jawo ƙwauri gaba. In ya zo ba tare da wani abu ya tsayar da shi ba, ɗaurin cikin gwiwar ya tsinke, abin da ke samun 'yan ƙwallo. Dunduniya mai suka a takun farko na asuba, ta lafa in an ɗan yi tafiya, tantanin tafin ƙafa ne. Wanda ya ji kamar an jefe shi a agarar bayan dunduniya yana gudu, ya kwanta rub da ciki ka matse sha-raɓa. Ƙafar da ba ta motsa ba, agararta ta tsinke.

Idon sawu kuwa akwai ƙa'idar da likitocin Ottawa ta ƙasar Kanada suka fitar a 1992, mai rage wa talaka kuɗin mota da na hoto. Bayan targaɗe, ana bukatar hoto ne idan danna bayan ƙashin idon sawu, na ciki ko na waje, daga ƙarshensa zuwa santimita 6 sama, ya yi zafi, ko tudun ƙashin da ke tsakiyar gefen ƙafa na waje, ko ɗan ƙashin da ya turo a gefen ciki gaban idon sawu, ko kuma mutum ya kasa taku huɗu, a lokacin da abin ya faru da kuma a gabanka. Ɗingishi ma taku ne. Kada ka dogara da ita ga wanda ke cikin maye ko mai suga da ƙafarsa ta sage.

Wanda ke bukatar hoto ko gwajin jini, babban asibitin Daura ya fi kusa. Maganar tiyata ko gashin ƙashi na dogon lokaci, akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya da asibitin Janar Amadi Rimi a Katsina, da asibitin ƙashi na Dala a Kano. A takardar turawa kada ka rubuta "ciwon kafaɗa" kawai. Rubuta gefen, tsawon lokacin, motsin da ya tayar da ciwon, ƙarfin da lamba, da abin da kake zato.

Wanda za ka riƙe a wurinka kuma, zaɓi motsi ɗaya da ya gagare shi yau ka auna shi. Ya tsaya jikin bango ya ɗaga hannu ka yi alama da alli, ko ka auna tazarar yatsunsa da ƙasa in ya duƙa, ko ka rubuta "ba ta zaman tahiya". Ce mashi ya dawo bayan mako biyu, ko kafin nan in zazzaɓi ko sagewa ko kumburi ya ɓullo. Ranar da ya dawo, in ka ce "ya jiki?" zai ce "da sauƙi", domin Bahaushe ko a kan gadon asibiti haka yake amsawa. Ka amsa mashi da "Allah ya ƙara sauƙi", sannan ka kai shi jikin bangon nan ka duba ko hannun ya wuce allin.